Malamin da aka ba shekara 125

Duk wanda ya karanta tarihin daular Songhai a jami'a, a Kano ne ko a Zariya, ya haddace cewa Alfa Mahmud Ka'ti ne ya rubuta Tarihul Fattash. Da sunansa littafin ya fito a Paris a 1913, bayan Octave Houdas da Maurice Delafosse sun haɗa kwafi uku na rubutun hannu sun mai da su ɗaya. A wajen haɗin nan gizo ya yi saƙa.

Lissafi ne ya fara tona asiri. Littafin ya nuna an haifi Ka'ti wajen 1468, har ya raka sarkin Songhai, Askiya Muhammadu, aikin hajji. Wani littafin tarihin kuwa, Tarihus Sudan, ya ce Ka'ti ya rasu a 1593. Shekara 125 ke nan. Ga shi kuma labarin ya zarce har bayan 1660, sai ka ce daga kabari malam ya ci gaba da jan alƙalami.

A 1971 Nehemia Levtzion ya nuna cewa jikan Ka'ti, Ibnul Mukhtar, shi ne mai ainihin tarihin, kuma an yi wa kwafi ɗaya cushe. Cushen shi ne wai Imam Suyuɗi ya shaida wa Askiya a Masar cewa shi ne halifa na goma sha ɗaya, na goma sha biyun kuma wani Ahmadu ne da zai bayyana a Masina. To wa ya kafa daula a Masina a 1818? Shehu Ahmadu Lobbo, mai neman hujjar tsayawa da ƙafarsa ba tare da ya bi bayan Sakkwato ba. Mauro Nobili, a littafinsa na 2020, ya ɗora aikin a kan Nuhu bn Ɗahir, na hannun daman Lobbo. Shi Nuhu da gangan ya yi. Houdas da Delafosse kuwa ruɗuwa suka yi, injin ɗab'i ya tabbatar da kuskurensu.

Cocin Katolika ma ta sha irin wannan. Littafin tarihin Fafaromomi, Liber Pontificalis, an buga shi a Mainz a 1602 da sunan Anastasius, mai kula da ɗakin littattafan Fafaroma a ƙarni na 9, alhali tun ƙarni na 6 aka soma rubuta shi, hannu bayan hannu. Sunan ya daɗe manne da littafin.

Ɗalibin da zai kafa hujja da Fattash a kundinsa, ya fara tambayar malaminsa: wane kwafi?