Igiya da Ƙashin Baya: Daga Girka zuwa Kwarin Rima

Duk wanda ya ga manoman albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno, ko masu dashen shinkafa a ƙasan madatsar ruwan Goronyo, suna wuni a duƙe, ba zai tambayi yadda ciwon ƙugu ya zama ɗan gida a kwarin Rima ba. Mai wannan ciwo yakan so a ja shi a miƙe masa baya, kuma wannan dabara ta girmi garuruwan nan da ƙarnuka.

Kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), likitan Girka Hippocrates, wanda Larabawa ke kira Bukrat, ya siffanta wani gadon katako da ake kwantar da majinyaci a kai, a ɗaure shi ta hammata da ƙugu, a ja da igiya. Az-Zahrawi na Andalus da Ibnu Sina sun raya dabarar cikin littattafansu.

Wurno kuwa ba baƙuwar ɗibbu ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ta ribaɗi ya kuma rasu cikinta a 1837, ya wallafa a kan basir da tsutsar ciki da ciwon ido. Amma aikin ƙashi ba a zaure ake karanta shi ba, gado ne. Maɗori kan ja ƙafar da ta karye har ƙashi ya koma mazauninsa, sannan ya ɗaure da kara. A nan ja yana da hujja bayyananna. Baya kuwa, daga Rabah zuwa kasuwar Acida, galibi wanzami ake miƙa wa ya kafa ƙaho.

Asibiti ne ya ɗora wa baya igiya da nauyi, bayan da Dakta James Cyriax na Landan ya yayata hakan a shekarun 1950. Kuskuren, a ganina, kiyasi ne: an auna ƙugu da ma'aunin karaya, alhali mafi yawan ciwon ƙugu babu ƙashin da ya goce a cikinsa. A 2013 masanan Cochrane suka tattara gwaje-gwaje 32, suka iske amfanin ja kaɗan ne ko babu. A 2016 hukumar NICE ta Ingila ta ce a daina, a riƙi motsa jiki da ci gaba da harkokin yau da kullum. Shawara ta biyun ba sai an gaya wa manomin Goronyo ba, domin albasa ba ta jiran mai jinya.