Raccah Rovers: Ƙungiyar Kano da Ta Shuɗe

A nan Kilomita Biyar, cikin Bangui, in ka tambayi samari wace ƙungiyar ƙwallo ce ta Kano, kowa Pillars zai ce maka. Amma dattawanmu da suka saba sauraron Rediyon Kaduna suna tuna wata da ta riga ta, wato Raccah Rovers. Ni daga bakinsu na fara jin sunan, domin lokacin da take tashe ba a haife ni ba.

Sunan na gidan Raccah ne. Saul Raccah Bayahude ne daga Tarabulus ta Libiya, ya zauna a Kano, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa a shekarun 1930. Abin mamaki kuwa, ƙungiyar ba ta kai ƙololuwarta ba sai bayan da fari da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya wannan ciniki, dalar gyaɗa ta ɓace daga birnin.

A 1977 ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, amma Shooting Stars ta Ibadan ta doke ta. A 1978 ta ci gasar Nijeriya gaba ɗaya, abin da wata ƙungiyar Kano ba ta taɓa yi ba. Cikin Afrilun wannan shekara ne ta kara da Fluminense ta Barazil a Kaduna. Pele, wanda ya riga ya yi ritaya a 1977, ya sa rigar baƙin ya buga musu. An ci Raccah biyu da ɗaya, amma dattawa ba sa ba da labarin kamar na faɗuwa. Wa ya damu da ci, tun da 'ya'yan Kano sun tare Pele a fili ɗaya?

A 1979 ta shiga gasar zakarun Afirka, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas, inda US Gorée ta Senegal ta fitar da ita. Daga nan sai ja da baya, har aka daina jin sunanta.

A 1990 aka haɗa WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka kafa Kano Pillars. Duk da haka sai da Kano ta jira shekara 30 cif, har 2008, kafin kofin da Raccah ta ci ya sake komawa birnin.