Dokar majalisa: yadda 'yan wasa ke ɗaure sihiri marar tabbas

Dokar majalisa ita ce ƙa'idar da 'yan wasa suka amince da ita a tsakaninsu, ko da babu ita a littafin wasan. Masu dara da lido da Whot a majalisun Tambuwal da Kebbe sun san ta sarai. A dara, inda kowa ke riƙe da 'ya'ya 12 a gurabu 30, akan daidaita tun farko ko za a ci ɗan da ke cikin jerin uku. A Whot kuwa, sai an yanke ko wanda aka ɗora wa ɗaukar kati biyu yana da damar karewa.

Irin wannan yarjejeniya ta fi ƙarfi a wasannin ƙirƙirar labari, waɗanda Dungeons & Dragons ya yi wa jagaba. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. 'Yan wasa kan kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin jarumi, alƙalin wasa yana jan zaren labari, ana jefa dayis don sanin sakamako. Sihirin cikinsa na tatsuniya ne, lissafi ne kawai a takarda.

Sihiri marar tabbas

Littafin Tome of Magic na 1991 ya fito da masihircin da ikonsa ke iya kuɓuce masa. A dokokin 2014, idan ya yi sihiri, alƙali na iya umartarsa ya jefa dayis mai fuska 20. In 1 ta fito, sai a duba jadawali mai sakamako 50: fatarsa ta koma shuɗiya, ya rikiɗe ya zama shukar tukunya na ɗan lokaci, ko wuta ta tashi daga inda yake tsaye ta ƙone har abokansa.

Matsalar iri biyu ce. Damar kashi 5 cikin 100 ce kacal, kuma jifar kanta sai alƙali ya ga dama. Idan ya manta, ɗan wasan ya yi asarar abin da ya zaɓi jarumin dominsa. Idan kuma ya matsa, sai a fara zargin son kai.

Gyaran da aka fi yi

Wasu sun wajabta jifa a kowane sihiri. Wasu na ƙara haɗarin mataki-mataki: jifar farko 1 ce ke tayar da rikici, ta biyu 1 ko 2, har a jifa ta shida damar ta kai kashi 30, sannan a koma farko da zarar abin ya auku. Akwai kuma masu rubuta nasu jadawalin, su cire duk sakamakon da zai hallaka jarumin wani ba da laifinsa ba.

Kamfanin Wizards of the Coast ya bi sahu a bugun 2024: an cire sharaɗin umarnin alƙali, kuma 20 ce yanzu ke tayar da sihirin.

Sharaɗin ingancinta

Dokar majalisa tana tsayuwa ne idan an faɗe ta kafin a fara, kowa ya amince, kuma ta hau kan alƙali kamar yadda ta hau kan kowa. Wadda aka ƙirƙiro a tsakiyar wasa, bayan an ga inda nasara ta karkata, ita ce ke watsa majalisa, domin tun ran gini tun ran zane.