Gandun Dajin Gashaka-Gumti

Gandun Dajin Gashaka-Gumti gandun daji ne na ƙasa da ke gabashin Najeriya, a jihohin Taraba da Adamawa, kan iyaka da Kamaru. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400, kuma shi ne mafi girma a gandayen dajin ƙasar. An san shi da duwatsu masu tsayi da kurmi da namun daji iri-iri. Hedikwatarsa tana garin Serti.

Tarihi

An kafa gandun a shekarar 1991, bayan gwamnatin tarayya ta haɗe wuraren kare namun daji na Gashaka da na Gumti. Sunansa ya samo asali daga ƙauyuka biyu, Gashaka a kudu da Gumti a arewa. A kan tudun da ke kusa da Gashaka har yanzu akwai kangon wani sansanin Jamusawa, tun zamanin da suke mulkin Kamaru.

Yanayin ƙasa

Ɓangaren arewa yawancinsa fili ne mai ciyayi da itatuwa jefi-jefi. Kudu kuwa duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu. A nan ne Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, dutse mafi tsayi a Najeriya, mai tsawon mita 2,419. Koguna da dama, irin su Kam da Gashaka, suna fitowa daga waɗannan duwatsu su gangara zuwa Kogin Taraba, wanda ke zuba a Binuwai. Saboda haka lalacewar kurmin na iya shafar manoma da masunta da ke nesa da gandun.

Dabbobi

Gandun na daga cikin muhimman mafakar birin cimfanzi na Najeriya da Kamaru, wanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. Akwai kuma gwaggon biri da ɓauna da gwanki da mazo da gada da mugun dawa da damisa. A koguna ana samun dorina da kada da giwan ruwa. Nau'o'in tsuntsayen da aka gani a gandun sun haura 500. A shekarar 2000 masanin birai Volker Sommer ya kafa shirin binciken birai mai sansani a Kwano, cikin kurmi.

Hawan dutse da kallon dabbobi

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris. Da damina koguna kan cika, hanyoyi su yanke, doguwar ciyawa kuma ta ɓoye dabbobi. Baƙi kan nemi izini a Serti, kuma ana haɗa su da jami'an tsaron gandun. Yawancin kudancin gandun mota ba ta shiga, sai dai a ƙafa. Daga Gashaka zuwa Kwano tafiyar 'yan sa'o'i ce, amma hawan Chappal Waddi kan ɗauki kwanaki, tare da 'yan dako da kwana a tanti. Wasu kan hau shi ta ɓangaren Mambila, inda hanyar ta fi kusa. Dare na da sanyi ƙwarai a saman dutsen.

An fi ganin dabbobi da sassafe da kuma yamma, musamman a bakin ruwa. Gwaggon biri ba shi da wuyar gani. Cimfanzi kuwa yana gudun mutane, galibi sai dai a ji kukansa ko a ga shimfiɗar ganyen da ya kwana a kai a saman bishiya.

Matsaloli

Akwai wuraren da aka keɓe cikin gandun, inda Fulani makiyaya da manoma ke zaune bisa doka. Sai dai farauta ba da izini ba, da saran madobiya, da haƙar ma'adinai, da shigar shanu wuraren da aka hana, suna rage yawan dabbobin. Tun shekarar 2017 gidauniyar Africa Nature Investors take aiki da hukumar gandayen daji ta ƙasa wajen horar da masu gadi da samar musu kayan aiki.