Faifan Straight Outta Compton: Suka, Yabo da Hukuncin Tarihi

Masu iya magana kan ce ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kowane aikin adabi yana da ranar wankansa, wato ranar da ya bar hannun mai shi ya faɗa hannun jama'a da masu tarke. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin wani faifan waƙoƙi da ya girgiza ƙasar Amurka, domin mu ga yadda aka tarbe shi, da kuma wace suka ce ta faɗi, wacce ta tsaya da ƙafarta.

Inda Faifan Ya Fito

Compton wani ƙaramin gari ne a kudancin Los Angeles, cikin jihar Kalifoniya, wanda baƙar fata suka fi yawa a cikinsa a wancan zamani. Masana'antun da iyayensu ke aiki a ciki sun yi ta rufewa; alal misali, kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta South Gate a 1982. Da aikin yi ya ƙaranta, sai cinikin hodar ibilis ya maye gurbinsa, ƙungiyoyin 'yan daba irin su Crips da Bloods suka raba unguwanni a tsakaninsu. Su kuwa 'yan sandan Los Angeles, ƙarƙashin shugabansu Daryl Gates, sai suka ɗauki hanyar kamen kan mai uwa da wabi. A wani ƙarshen mako na watan Afrilun 1988 sun kama sama da mutum 1,400, amma ƙalilan ne aka gurfanar gaban shari'a.

A cikin wannan hali ne wasu samari suka kafa ƙungiyar mawaƙan gambara mai suna N.W.A. Jigoginta su ne Eazy-E da Ice Cube da MC Ren, sai Dr. Dre da DJ Yella masu haɗa kiɗa. A 1988 suka fitar da Straight Outta Compton a ƙarƙashin kamfanin Ruthless, wanda Eazy-E ya kafa. Waƙoƙin cike suke da ashar da labarin bindiga, kuma ɗaya daga cikinsu an tsara ta ne kamar zaman kotu, inda mawaƙan suka zama alƙali da masu shaida, 'yan sanda kuma suka zama waɗanda ake tuhuma. Su kansu mawaƙan sun ce gambarar gaskiya suke yi, amma 'yan jarida suka laƙaba mata gambarar 'yan daba, sunan kuwa ya bi ta.

Tarbar Farko

Yawancin gidajen rediyo sun ƙi sanya waƙoƙin, tashar MTV ma ta ƙi nuna hoton bidiyon waƙar da faifan ya ci sunanta. Duk da haka, kafin ƙarshen 1989 an sayar da kwafe fiye da miliyan ɗaya, kuma da yawa daga cikin masu saye 'ya'yan Turawa ne da ba su taɓa taka Compton ba.

A watan Agustan 1989 wani babban jami'in hukumar FBI, Milt Ahlerich, ya aika wa kamfanin Priority, mai rarraba faifan, wasiƙa. Ya yi ƙorafin cewa waƙar kotun nan tana ingiza mutane su far wa jami'an tsaro, ya kuma tunatar da cewa an kashe jami'ai 78 a bakin aiki a 1988. A wannan shekara ta 1989 kuma 'yan sanda suka tarwatsa wasan ƙungiyar a birnin Detroit da suka fara rera waƙar. Sai dai wasiƙar ta zame musu gobarar Titi, domin ta ƙara wa faifan farin jini fiye da duk wata talla.

Masu tarke sun kasu gida uku. Kashi na farko suka ce wannan tsokanar fitina ce kurum. Kashi na biyu suka yaba da ƙarfin kiɗan da kaifin harshen Ice Cube, suka ɗauki waƙoƙin a matsayin rahoto daga unguwannin da jaridu ba sa shiga. Kashi na uku, waɗanda akasarinsu baƙar fata ne, ba su musa batun 'yan sanda ba, amma sun yi tir da yadda waƙoƙin ke tozarta mata da yadda suke ƙawata kisa. Wannan murya ta ƙara ƙarfi daga 1993, lokacin da C. Delores Tucker, tsohuwar 'yar gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ta ɗaura yaƙi da wannan salo baki ɗaya.

Abin da Lokaci Ya Nuna

A ranar 3 ga Maris 1991 wani mutum ya ɗauki hoton bidiyon 'yan sandan Los Angeles suna dukan wani baƙar fata mai suna Rodney King. Da kotu ta wanke su a ranar 29 ga Afrilu 1992, sai tarzoma ta ɓarke, aka kwashe kwana shida ana yi, mutum fiye da 60 suka rasa rayukansu. Daga nan waɗanda suka ce samarin sharri suke yi wa hukuma suka rasa ta cewa, domin abin da aka ƙi ji a waƙa ga shi an gani da ido.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba. Ice Cube ya fice a ƙarshen 1989 saboda rigimar kuɗi, Eazy-E kuma ya rasu a 1995. Amma darajar faifan sai hauhawa ta yi. A 2015 aka yi fim a kan tarihin ƙungiyar, a 2016 aka shigar da ita Rock and Roll Hall of Fame, zauren karrama gwanayen mawaƙa. A 2017 kuwa Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya faifan cikin jerin waɗanda za a adana saboda muhimmancinsu ga tarihi. Mai karatu ya duba wannan: gwamnatin da ta rubuta wasiƙar ƙorafi ita ce ta dawo tana adanawa, bayan shekara 28.

To, amma sukar kashi na uku fa? Ita kam lambar yabo ba ta goge ta ba. A 1991 Dr. Dre ya doki Dee Barnes, mai gabatar da shiri a talabijin, har maganar ta je kotu. Fim ɗin 2015 ya tsallake wannan lamari, sai da aka yi ca a kansa, sannan Dr. Dre ya fito ya nemi afuwar matan da ya cutar. Hujjar cewa su masu kawo rahoto ne kawai tana da rauni a nan, domin zagin mata ba rahoto ba ne, zaɓin mai rubutu ne.

Kammalawa

'Yan'uwa marubuta, akwai abin lura a wannan tarihi. Sukar da ta fito daga masu iko, wadda manufarta rufe baki, ita ce ta fara rushewa. Sukar da ta fito daga cikin gida, daga iyaye mata da 'yan'uwa waɗanda suka san zafin da ake magana a kai, ita ce har yau ba a ba ta gamsasshiyar amsa ba. Saboda haka idan aka soki aikin marubuci, kada ya yi saurin cewa hassada ce, kada kuma ya yi saurin ajiye alƙalami. Ya tsaya ya bincika: shin don ya faɗi gaskiya mai ɗaci ake sukarsa, ko kuwa don ya taka wani mai rauni a kan hanyarsa ta faɗin gaskiyar? N.W.A sun yi duka biyun a faifai guda, tarihi kuma ya rubuta musu duka biyun.