Wane Harshe Ake Yi wa Sabar?

Sabar ita ce kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet da manhajoji. A da, injiniya kan saita kowace ɗaya da hannu. Da yawansu ya ƙaru, sai aka rasa biyu masu saiti ɗaya, gyara ya zama jidali.

A shekarar 1993, Mark Burgess na Jami'ar Oslo ya ƙirƙiro CFEngine: a rubuta yadda ake son sabar ta kasance, manhaja ta daidaita ta. Puppet, wadda Luke Kanies ya fara a 2005, ta bi wannan turba da ƙaramin harshenta na musamman. A 2009 Chef ta ɓullo da wata dabara: a rubuta umarnin da Ruby, harshen da ake gina kowace irin manhaja da shi.

Nan ra'ayi ya rabu. Harshe na musamman yana taƙaita kuskure saboda ƙuncinsa. Gama-garin harshe kuwa yana ba da 'yanci, amma kuskure ɗaya na iya bazuwa cikin dubban na'urori. Ansible ta 2012 ta zaɓi sauƙin YAML, Pulumi kuma ta komo da Python da TypeScript a 2018.

Ga matasan Nima da Maamobi masu koyon Python, wannan sauyi ya sassauta hanya: harshen da suke gina manhaja da shi ya isa su sarrafa sabar. Abin da ya rage shi ne horon gwada umarni kafin a sake shi.