2.3 Wasa da Kalmomi a Sunayen Manhajojin Sarrafa Kwamfuta

Wannan sashe zai duba yadda sunayen wasu manhajoji ke nuna waɗanda aka ƙirƙire su dominsu. A 1969 masana a Bell Labs ta Amurka suka soma Unix, wadda sunanta zolaya ce ga Multics, watau "ɗaya" a maimakon "da yawa". A 1983 Richard Stallman ya sanar da shirin GNU, wanda haruffansa ke nufin "GNU ba Unix ba ce", sunan yana ambaton kansa. Sannan Linus Torvalds ya fitar da Linux a 1991, yana ɗalibi a Helsinki.

Irin wannan raha sai 'yan sana'a ke gane ta. Haka manhajojin ma: da farko sai an rubuta umarni da hannu, shi ya sa magidanta suka fi karkata ga Windows. Ubuntu ta sauƙaƙa lamarin a 2004, amma sai a 2008 Linux ta shiga gidaje sosai ta hanyar Android, wadda ta ɓoye umarnin bayan hotuna. Wannan ya nuna sauƙin amfani, ba gwanintar maƙera ba, ke jawo jama'a.